Zaren Surukin Yaya Tokuji

Yayana Tokuji Hamaoka mutum ne da bai iya cewa a'a ba. In ka ji ana yabonsa da wannan hali a tsibirinmu, to mai yabon bai taɓa zama gida ɗaya da shi ba. Ni Sumie, ƙanwarsa, ni na san abin da halin ya ja mana. Tun muna yara, in maƙwabciya ta kawo mana miyar da gishiri ya yi wa yawa, shi zai shanye tas ya sunkuya ya ce ta yi daɗi, washegari ta sake kawowa, mu mu sha wuya. Wani abin haushin kuma, bai iya ƙarya ba. In kara ta sa bakinsa ya faɗi abin da ba haka ba, sai ya tashi ya je ya wahalar da kansa har abin ya zama gaskiya. Ya girma, ya gaji jirgin babanmu, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya tal, Chizuru, matarsa ta rasu, gashinsa ya yi fari fat, amma halin nan yana nan inda yake.

A teku kuwa ba na jayayya da shi. Bai taɓa jefa raga ba a rayuwarsa. Da fatsa yake kama jan kifin nan, tai, ɗaya bayan ɗaya, yadda babanmu ya koya masa. Tun da gwiwarsa ta fara ba shi matsala ni nake tuƙa masa jirgi, don ba zai iya riƙe sitiyari ya riƙe sanda a lokaci guda ba, ni kuma mijina ya daɗe da rasuwa, zaman gida ya ishe ni.

Kwarkwaron naɗe zare biyu gare shi. Akwai ƙarami na rataye, wanda ke ƙarƙashin sanda, cikinsa ba ya juyawa, zare ne ke zamewa daga bakinsa in ka jefa. Da shi yake kama ƙananan kifi a ruwa marar zurfi. Sai kuma ganga, gadon babanmu, ta tagulla, mai zama a saman sanda. Ita dukanta take juyawa, kana taka mata birki da babban yatsa. Da ita ake zuwa wajen manyan tai a zurfi, kuma zaren roba mai kauri ta saba da shi tun kafin a haifi Chizuru.

To, Chizuru ta auri wani yaro ma'aikacin ofis a Osaka, Masaomi Terasaka. Yaron kirki ne, ba zan ci masa fuska ba, amma bai san kan sanda da gindinta ba. Da lokacin kyautar ƙarshen shekara ya zo, wadda a al'adarmu ake aika wa manya, maimakon ya aiko da man girki ko taliya kamar yadda kowane suruki mai hankali yake yi, sai ya shiga wani kanti ya ce a ba shi zaren fatsa mafi kyau, na surukinsa ne. Su kuma ba su tambaye shi wane irin kwarkwaro ba. Suka naɗe masa narkakken zare a takarda mai kyau, irin wanda ake haɗa silili da yawa a gasa su da zafi har su manne su zama ɗaya, siriri kamar zaren ɗinki.

Gaskiya ɗaya ce, zaren ba banza ba ne. Da Yaya ya ɗaura shi a na rataye, har ni sai da na ce madalla. Yana da ɗan tauri, don haka iska ba ta ƙulle shi. Ka jefa shi ya tafi can nesa ba wahala. Ba ya miƙewa ko kaɗan, kifi ya shinshina ƙugiya ma sai ka ji a tafin hannunka. Yaya ya ɗauki waya ya kira Osaka don ya yi godiya, ina tsaye a gefe ina yanka albasa.

Na ji muryar yaron tana rawa don murna. Ya ce, "Baba, a kan gangar nan ta Kaka ka ɗaura shi ko? Ita na tuna lokacin da nake saye."

Na ɗaga wuƙa ina girgiza wa Yaya kai. Ya kalle ni, ya kalli bango, ya sunkuya wa waya kamar yaron yana gabansa, ya ce, "E, e, a kanta."

Yana ajiye waya ya ɗauko ganga ya fara warware zaren roba.

Na ce, "Yaya, me kake yi haka?"

Ya ce, "Ai na ce masa a kanta yake."

"To yana ganinka ne daga Osaka?"

"Ni ina ganin kaina."

Ka ji fa! Ranar ne na san mun shiga uku.

Abin da ke sa zaren nan ya yi daɗi a na rataye, shi ne ke mai da shi masifa a ganga. Siriri ne, ga santsi. In aka ja shi da ƙarfi, sai na sama ya nutse cikin na ƙasa ya maƙale, kamar ka danna wuƙa a dafaffen dankali. Ba za ka sani ba sai kifi ya ja ya kai wurin, ganga ta tsaya cak. Zaren roba da yana miƙewa ya ba ka ɗan sarari, wannan kuwa babu ruwansa, ko ƙugiya ta yage bakin kifi ko wani abu ya tsinke. In kuma ganga ta fi zare gudu ya cukurkuɗe, sai ka yini kana tsintsa da allura, don ba ya warwaruwa ta daɗi. Ga yanka yatsa. Babban yatsan Yaya, wanda ya yi kanta kamar tafin ƙafa, sai da zaren nan ya tsaga shi. A bazarar farko manyan tai nawa muka bari a ruwa, ni dai na daina lissafi don kada hawan jinina ya tashi.

Ka ce zance ya ƙare nan? Ina! Da kyautar tsakiyar damina ta zo, ga wani kwalin. Ƙarshen shekara, ga wani. Tun da surukinsa ya ce yana so, me zai sa yaro ya canja? Kwalaye suka taru a saman kabad har suka kusa taɓa rufi. Na rataye naɗi ɗaya ya ishe shi shekara da shekaru, sauran ba mu da abin yi da su. Na ɗaure wake da shi a lambu, ya yanke waken.

Na ce, "Bari in kira Chizuru in gaya mata a hankali, ta ce wa mijinta ya aiko da kitsattsen zare mai kauri, ko ya bar zare gaba ɗaya ya koma taliya."

Ya ce, "Kul! Yaron ya sa zuciyarsa a ciki. Yanzu a ce masa duk shekarun nan abin da yake aikowa bai dace ba? Da wace fuska zai shigo gidan nan?"

"Da irin fuskar da kake shiga kasuwa da kwando wayam."

Ya cire gilashinsa ya hau gogewa. In ya ƙi magana sai ya yi ta goge gilashin idonsa, kai kuma ka yi ta tafasa kai kaɗai.

Daga ƙarshe dai muka samu tsakiya. In babu baƙi, ganga ta koma zaren robarta. In Chizuru da mijinta za su zo hutun bikin tunawa da magabata ko sabuwar shekara, sai ya zauna a baranda ya warware roba ya naɗa na suruki, ni ina riƙe masa da jiƙaƙƙen tsumma don ya naɗu da tauri. Yaron ya shigo, ya ga zarensa a gangar Kaka, ya yi ta washe baki. Su tafi, mu warware. Haka muka yi ta yi kamar marasa aikin yi, kuma na haƙura, don ba a rasa komai sai yini biyu da ƙarfin hannuna.

Sai Chizuru ta haihu. Ta daɗe tana nema, ta sha wuya a haihuwar, likitoci kuma suka ce daga wannan babu wani. Namiji ne, aka sa masa Itsuki. Ranar da labari ya zo, Yaya ya shiga ɗaki ya fito da ganga ya zauna yana shafa mata mai.

Na san abin da ke ransa. Ranar da yaro ya cika kwana ɗari ake yi masa cin farko, a gasa tai guda da kansa da jelarsa, namiji mafi tsufa a dangi ya ɗauki tsinken cin abinci ya taɓa kifin ya kai leɓen yaro, don kada ya san yunwa a rayuwarsa. A gidanmu ba a sayen kifin nan. Babanmu da gangar nan ya kamo na Chizuru. Yaya ya yi shekaru yana jiran ranar da shi ma zai kamo na jikansa da hannunsa, ya kai masa baki da hannunsa. Jika ɗaya ne, rana ɗaya ce, ba za a sake ba.

Aka ce a tsibiri za a yi. Chizuru da mijinta da jariri suka riga iyayen Masaomi isowa. Suna zuwa iska ta taso, ba jirgin da ya fita. Muka zauna muna kallon teku ta taga, raina yana ɓaci. Sai ana gobe biki da safe ta lafa, masu hasashe kuma suka ce kafin azahar za ta dawo. Ashe kuma Masaomi ya zo da shirinsa. Ya sayi sabuwar hula da takalmin roba, ya durƙusa gaban Yaya ya ce, "Baba, in ba zan takura ba, ina so in bi ku, in ga yadda za a kamo kifin Itsuki da zaren nan."

Me kake tsammani? "To, to, madalla."

Na ja Yaya bayan gida wajen tulunan da muke jiƙa kayan lambu su yi tsami. Na ce, "Ka saurare ni sau ɗaya a rayuwarka. Mai da roba a ganga."

"Zai gani."

"To ɗauki na rataye, tun da zaren nasa a can yake aiki."

"Ƙarami ne, ba zai ɗago babba daga zurfin nan ba. Kuma da gangar Baba ake yi."

"Wato ganga dole, zaren suruki dole, kifi kuma dole? Yaya, ɗaya sai ya faɗi."

Ya ce, "Mun naɗa shi da tauri. Zan lallaɓa."

Muka fita rana tana ɓullowa. Na kai mu kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa a bayan tsibiri, inda manyan tai suke taruwa in ruwa zai juya, wato tsakanin cikowar teku da janyewarta. Lokacin ɗan kaɗan ne, in ya wuce ya wuce. Yaya ya sa jatan lande a ƙugiya, ya saki dalmar da ke nutsar da ƙugiya ta tafi ƙasa. Masaomi yana zaune ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, fuskarsa ta yi fari, amma yana ta murmushi.

Can ya ce, "Baba, ko zan ɗan riƙe in ji yadda yake?"

Na ce, "Ba yanzu ba, ɗana," amma kafin in rufe baki sanda ta koma hannunsa.

Bai san ana ɗago dalma da zarar ta taɓa ƙasa ba. Ta shige tsakanin duwatsu ta kama. Ya ji nauyi, ya yi ihu, "Kifi! Gwaggo, kifi!" ya finciko da iya ƙarfinsa, ya sake fincika, ya kuma. Jirgi yana tafiya da ruwa, shi yana ja. Kafin Yaya ya karɓe sandar, ƙugiya ta tsinke a dutse. Na leƙa ganga daga inda nake. Zaren ya nutse cikin ɗan'uwansa, har wani rami ya bayyana a tsakiya.

Maganin wannan sananne ne. A saki zaren duka a bayan jirgi har a wuce inda ya nutse, a sake naɗewa. Na ce, "Yaya, in ja jirgi mu saki zare."

Masaomi ya juyo. "Wani abu ya lalace ne? Ni na ɓata?"

Yaya ya rufe ramin da babban yatsa ya ce, "A'a, a'a, ba komai. Dutse ne, kowa yana kamawa."

Ka ga ranar da bakinsa ya iya a'a, a inda ba ta da amfani! Ya ɗan ja zare da hannu ya naɗa a kai, ya ɗaura sabuwar ƙugiya. Na buɗe baki zan yi magana, ya yi mini wani kallo irin na babanmu. Na haɗiye maganata.

Ruwa ya fara juyawa. Ba a jima ba kan sandar ya yi ƙas ƙas sau biyu, sannan ya lanƙwashe har ya kusa taɓa ruwa. Na san bugun nan, babban tai ne, yana buga kai kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa. Ya ɗago shi kaɗan, kifi ya ƙwace, ya sake ɗagowa. Na bar sitiyari na ɗauko ragar ɗauka. Har na fara cewa a raina ƙila mu tsira.

Sai kifin ya juya ya yi ƙasa da gudu. Ganga ta yi ta kuka tana ba da zare, tana ba da zare, har ta kai wurin. Ta tsaya cak. Sanda ta yi wani nishi, na ji tas, zare ya tsinke, sandar ta miƙe.

 Yaya ya tsaya da sanda a hannu, jini yana bin babban yatsansa. Ni kuwa da zan bi zuciyata da na jefa gangar da kwalayen da ke gida da shi kansa cikin teku. Masaomi ya ce a hankali, "Kai, ashe babba ne ƙwarai, har ya fi ƙarfin zaren." Yaya ya ce, "E, babba ne."

Sai a lokacin ya yarda muka saki zare muka sake naɗewa, bayan ruwa ya riga ya juya. Muka samu ƙananan kifin duwatsu, irin na miya. Iska ta taso kamar yadda aka faɗa, muka juyo gida tana dukanmu.

Da la'asar na ɗauki jaka na tafi wajen Gonda mai sayar da kifi. Da yake an kwana biyu ba a fita ba, na kiwo kaɗai gare shi. Ya kalle ni ya ce, "Sumie, ke ce a shagona kina neman tai? Hamaoka ya yi ritaya ne?" Na ce ya naɗe mini ya rufe mini baki. Duk ɗan tsibirin nan zai gane na kiwo daga nesa: jikinsa ya yi duhu, jelarsa ta gugu ta yi gundul saboda keji. Na lulluɓe jelar da gishiri da yawa, na gasa shi washegari da safe yadda zai tanƙware kamar yana tsalle. Chizuru ta shigo kicin, ta dube shi sau ɗaya, ta dube ni, ta fita.

Iyayen Masaomi suka iso a jirgin fito na hantsi. Aka shimfiɗa, aka jera jar shinkafa da miya da kifin a tire, aka sa wa Itsuki kayansa masu kyau, yana kan cinyar uwarsa yana wasa da yatsu. Malam Terasaka, uban Masaomi, mutum ne mai fara'a da yawan magana. Ya sunkuya kan kifin ya ce, "Masaomi, wannan ne wanda kuka fita nema?"

Yaron ya kalli Yaya, ya ga kansa a ƙasa. Shi ma kara ta kama shi. Ya ce, "E, Baba, shi ne. Ina cikin jirgin aka kamo."

Malam Terasaka ya tafa hannu. "Ka ga kifi! Malam Hamaoka, mu a Osaka sai na kiwo, ba ɗanɗano ba komai. Yaron nan ya yi sa'ar kaka. Bismillah, kai ne babba a cikinmu."

Ya ɗauki tsinkayen da hannu biyu ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karɓa. Ya matso kusa da jikansa da gwiwoyi, ya taɓa kifin, ya ɗago hannu. Na ga hannun ya tsaya a tsakiya. Wannan karon babu inda zai je ya mai da zancen gaskiya. Itsuki yana kallonsa, yana kallon tsinken. Na ce a raina, kai masa mana, Yaya, kifi ai kifi ne, yaro bai san komai ba!

Ya sauke hannu. Ya juya tsinkayen, ya riƙe su da hannu biyu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Ya ce, "Malam Terasaka, ka yi haƙuri. Ba ni na kamo shi ba, nawa ya tsere. Wannan na kiwo ne, daga shago. Ba zan iya fara masa da shi a kan cewa nawa ne ba. Kai ka ba shi."

 Masaomi ya yi ja har kunne. Malam Terasaka ya ce haba, ai ba komai, ya tura tsinkayen, Yaya ya sake turowa, ya tura, ya sake turowa. Na san Yaya, ba zai ɗago ba. Chizuru ta ce a hankali, "Baba," hawaye yana zubo mata, bai kalle ta ba. Da abin ya yi tsawo, yaro kuma ya fara mutsu-mutsu, dole Malam Terasaka ya karɓa.

Ya taɓa shinkafa ya kai leɓen Itsuki, ya taɓa miya, ya taɓa kifi. Yaron ya buɗe ɗan bakinsa yana bin tsinken, kowa ya yi dariya aka tafa. Yaya ya koma wurinsa ya zauna, shi ma ya tafa, da yatsansa ɗaure da tsumma. Na tashi na ce bari in je kicin in duba shinkafa, alhali shinkafar tana gaban kowa.